Kyamarar da Na Saya a Zauren Suruki

Ƙaura Namoda,
Ranar Talata, bayan la'asar.

Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina yi miki fatan lafiyar jiki da kwanciyar rai. Allah Ya tsare ki a tafiyar da ke gabanki, Ya kau da idon mugu daga motar da za ki shiga tun daga tasha har ƙofar gidan Goggonki a Sakkwato, Ya haɗa ki da mutanen kirki a can.

Za ki yi mamakin samun takarda daga mutumin da kuke kwana gida ɗaya. Kin san dalili. Ke ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyata kike ɗauke da shi, kunya biyu ke nan a kan harshe ɗaya. Tun kina ƙarama maganata da ke ba ta wuce "kawo ruwa" da "kin yi salla?" ba. A makon nan na tsaya a bayanki kina ba tumaki dusa, da niyyar in yi magana, sai na ji bakina yana tambayar ko dusar za ta kai Juma'a. Don haka na ɗauki biro. Rubutu dai na saba da shi, ko da yake yawancinsa kaina nake yi wa.

Ga maganar. Mamanki ta faɗa mini kin yanke shawarar sayar da tumakinki ranar kasuwa, ki karɓi kyamarar hannu, wato wadda wani ya riga ya yi amfani da ita, da Kawunki Nasiru ya ce ya ajiye miki a shagonsa na Shinkafi, ki tafi da ita wajen matar da za ta koya miki ɗaukar hoton bukukuwan mata. Sana'ar ban hana ba. Akwai ɗakunan da namiji ba ya shiga, kuma waɗanda ke cikinsu suna son hoto kamar kowa. Kin yi tunani mai kyau, ya fi duk wanda na taɓa yi. Amma tumakin nan duka zuriyar tinkiya ɗaya ce, wadda kakarki Inna ta bar miki. Ban da su babu wani abu nata da ya rage a hannunmu. Idan suka tafi, kyamarar kuma ta mutu bayan 'yan watanni, kin rasa jari, mun rasa Inna karo na biyu. Abin da ya hana ni sukuni ke nan.

Kin taso kina jin ana kirana Lawali Mai Hoto, ba ki kuma taɓa ganina da kyamara a wuya ba, sai buhun taki a shagon wani. Labarin kowa ya san shi a gutsure. Ina so ki ji shi a jere, daga bakin wanda ya yi wautar.

Lokacin kina goye, ni ɗan kabu-kabu ne. Kullum ina sauke ɗalibai a ƙofar foli, kwalejin fasaha ta garin nan, ina ganin yadda suke neman mai ɗaukar hoton fasfo. Na daɗe ina juya abin a raina, na tambayi masu sana'ar, na tsaya a bayansu ina kallon hannunsu. Da na gamsu sai na sayar da babur. Kafin in shirya zuwa Gusau neman kyamara, labari ya kai Jangeru, garin su mamanki, aka aiko cewa Alhaji Mamman yana nemana. Ba ki san shi sosai ba, kina ƙarama ya rasu. Shi ne mahaifin Kawunki Nasiru, shi ne kuma ƙanen kakanki na wajen uwa, kuma shi ya ba ni auren mamanki. Fatauci yake yi, yana shigo da kaya daga ƙetaren iyaka, rediyo, agogo, duk abin da ya samu.

Tun a mota nake maimaita abubuwan da zan duba, na haddace su tsaf kamar karatun allo. Da na isa, na cire takalmi tun daga nesa da ƙofar zaure, na shiga a sunkuye, na durƙusa a gefen tabarma. Muka gaisa, idona a ƙasa.

Ya ce, "Lawali, an ce mini hoto kaka son yi."

Na ce, "Haka ne, Baba."

"To mi za ya kai ka Gusau, ga gida? Ga wagga. Daga hannun wani Bature tat taho, ta Maraɗi. Bai yi komi da ita ba, tsuntsaye ɗai yaka ɗauka."

Ya turo mini ita a kan tabarma. Baƙa ce, tana sheƙi, da igiyarta da jakarta. Na ɗauka da hannu biyu kamar an miƙo mini jaririn wani gida, na ɗan juya ta, na ajiye.

Sai ya ce, "Ko kana son ka gwada ta?"

Kin san irin wannan tambayar. Amsa ɗaya gare ta. Na ce, "A'a Baba, ai ba sai an gwada ba."

Ya ce, "Madalla. Ɗa na gari ke nan." Ya faɗi kuɗi, ban taya ba, don ba a tayi da wanda ya ba ka mata. Na zaro na ajiye a gefen tabarmarsa. Ina shirin tashi ya ƙara da cewa, "Sai dai kada ka matsa mata da yawa. Ka riƙa barin ta tana shan iska." A lokacin na ɗauka maganar manya ce, irin wadda ake yi wa yaro idan ya sayi sabon abu. Shekara da shekaru ke nan ina juya wannan jimlar.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma duk sauran daga cikinsa suka fito. Kada ki sayi kayan sana'a a wurin da sai kin cire takalmi kafin ki shiga. Ki saya a hannun wanda za ki iya kallon idonsa, ki ce masa "wannan ba ta yi ba," ki juya ki tafi, gobe ku haɗu a hanya babu abin da ya ɓaci. Ladabi abu ne mai kyau, ban ce ki yar da shi ba. Amma ni na biya kuɗin babur ɗina gaba ɗaya don a ce mini ɗa na gari, kuma kalmar ba ta ciyar da ku ko sau ɗaya ba.

Da farko ta yi aiki, ba zan yi mata ƙarya ba. Hoton farko da na ɗauka da ita na Alhaji Mamman ne, a kan kujerarsa, da babbar riga da carbi. Ya fito tas, har zaren aikin rigar ana ƙirgawa. Na wanke babba na kai masa kyauta. Daga nan na kafa jan ƙyalle da fari a gindin dogon yaro kusa da ƙofar foli, ɗalibai suna layi. A watannin nan muka sayi katifa, mamanki ta yi sabon zane. A nan sunan Mai Hoto ya kama ni. Sunan ya fi kyamarar tsawon rai, har yau direbobin tasha da shi suke gaishe ni, wasu da gaske, wasu don su ga fuskata.

Kafin damina ta biyu ƙararta ta canza. Da idan na danna sai in ji ƙyas, a taƙaice. Sai ta fara ja, kamar ƙofar da ƙarfenta ya yi tsatsa. Wani lokaci hoto ya fito da baƙin layi a sama, wani lokaci ta tsaya cak, ta rubuto wasu kalmomi a allon baya. Da Faransanci take magana, tunda ta can ta fito, kuma ban taɓa samun ƙarfin halin tambayar kowa ya karanta mini ba, kada a ce mai hoto bai san kayansa ba. Sai in cire batir in mayar, ta tashi, in ci gaba.

Abin da ya fi ba ni haushi idan na tuna shi ne, duk ranar da ta yi haka sai na rubuta. Kuma a ƙarƙashin kowane rubutu akwai hukuncin da na yanke: watakila hannuna ne ya motsa, watakila rana ce ta yi yawa, watakila ban iya ba ne. Ban taɓa rubuta cewa watakila kyamarar ce ba ta da lafiya ba. Na fi saurin yarda cewa ni ne mara kai a kan in yarda cewa dattijo ya ba ni abin da ya ƙare.

Wani abokina direba, Sani, ya kira ni sunan ɗansa a Zurmi. Na ɗauki hotuna tun daga raɗin suna har rabon goro. Da na wanke, rabinsu baƙin layin nan ya cinye samansu. Na kai masa a tasha, ya duba, ya kira 'yan kamasho su taya shi gani.

Ya ce, "Lawali, ina kan liman? Da kai yaz zo gidana, da rawaninai, mutane shaida ne. Kai ka yanke shi ko ragon suna ka ɗauke shi?"

Wani ya ce, "A'a, sabon yayi ne. Hoton ƙafa. Kowa shi gane takalminai."

Aka yi ta dariya, ni ma na yi. Sani bai ƙara kirana aiki ba, kuma duk wanda ya shiga motarsa daga Ƙaura zuwa Zurmi sai ya ji labarin liman mara kai.

Na ga irin halin nan nawa a wurinki, shi ya sa nake faɗa. Idan ɗinkin hula ya karkace miki, kanki kike zagi kafin ki duba zaren. Idan kayan aiki ya yi miki gardama, ki tuhumi kanki sau ɗaya, ya isa. Na biyun ki miƙa wa wani gwani ya gwada da hannunsa. Idan shi ma ta yi masa, to ba ke ba ce. Abin da ba ki gane ba kuma ki tambaya, ko yaren wace ƙasa ne. Jin kunyar tambaya na rabin yini ne, abin da rashin tambayar ya jawo mini kuwa ga shi har yau ina rubuta shi.

Bayan abin Zurmi na ce wa mamanki ina ganin zan mayar wa Baba kyamararsa ya duba. Ta ajiye muciya ta ce, "Malam, don girman Allah kada ka ja mini magana a gidanmu. Baba ne fa. So kake a ce mijina ya kira shi maƙaryaci?" Na daɗe ina ɗora mata laifin wannan ranar a zuciyata. Yanzu na san na ji daɗin da ta hana ni, don ko ta ce in tafi, a ƙofar zauren zan tsaya in gaishe shi in dawo.

Sai maganar Inna.

Inna ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Cewa take mala'iku ba sa shiga gidan da aka rataya fuskar mutum. Duk lokacin da masu rajista suka shigo garinmu Birnin Tsaba da kayansu, sai ta ɗauki ƙwarya ta nufi gona, ba ta dawowa sai sun tafi. Da na fara sana'ar ma sai da ta yi mini faɗa, ta ce na bar sana'ar kai mutane inda za su, na koma tara fuskokinsu a akwati.

Bayan wata ƙaramar Salla muka kai ki gaishe ta. Kin fara surutu a lokacin, kin wuni a cinyarta kina jan leɓenta kina ƙirga haƙoranta. Idonta ya riga ya fara rauni. Da rana ta yi sanyi sai ta kira ni.

Ta ce, "Lawali, taho da abin nan naka. Wagga takwara tawa ba za ta tuna ni ba. Ɗauki guda, ka aje mata cikin akwati. Guda ɗai, kuma kada ka rataya ni bango."

Ta shiga ta yi wanka. Ta ɗauko baƙin saƙinta da ba ta ɗaurawa sai ranar Idi, ta sa tozali, ta rataya murjaninta. Aka kife turmi a gefen rumbu ta zauna, aka ɗora ki a cinyarta. Matan maƙwabta suka leƙo ta kan danga, don ba su taɓa zaton za su ga wannan rana ba. Ta miƙe wuya, ta haɗe baki, ta ɗora hannu ɗaya a gwiwa, ɗayan ta riƙe ki. Na duba ta cikin idon kyamara. Ban taɓa ganin mahaifiyata da kyau haka ba, don ɗa ba ya tsayawa ya ƙura wa uwarsa ido, sai dai ta cikin gilashi.

Na danna. Na ji rabin ƙara, abin ya buɗe bai rufe ba. Allon ya yi baƙi, kalmomin nan suka fito. Na cire batir na mayar. Na sake cirewa, na hura, na goge a riga, na mayar. Shiru. Kika fara zillo kina son sauka. Inna tana nan yadda take, ba ta ko ƙifta ido ba, tana jira in ce an gama. Gumi ya jiƙa mini riga. Wayar da ke aljihuna irin mai tocila ce, kuma duk unguwar babu mai wadda ta fi ta.

Daga ƙarshe na ce, "Ta ƙi, Inna."

Ta saki fuskarta, ta dube ni, ta ce, "To. Ita ma ta san bai kamata ba." Matan kan danga suka kwashe da dariya. Ta sauke ki, ta dafa rumbu ta tashi, tana cewa Allah ne Ya tsare ta. Ta shiga ɗaki ta ninke saƙin ta mayar cikin akwati.

Daga baya wayoyi masu hoto suka cika gari. Na roƙe ta, ƙannena suka roƙe ta. Amsarta ɗaya: "Na ba ka rana guda, Lawali. Allah bai nufa ba." Idan ta ga an ɗaga waya sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Wani ƙanena ya ce a ɗauka a ɓoye tana barci, na hana, don ba zan saci abin da ta ba ni da hannunta na kasa karɓa ba. Na yarda da ƙaddara, Ummi. Amma na san kyamarar ba ta da lafiya tun kafin ranar, watanni ina sani. Da na kai ta wurin gyara, ko na aro ta wani don tafiyar, da yanzu kina da hoton. Ƙaddara ba ta rufe mini baki a zauren Jangeru ba, ni na rufe shi.

Sai bayan haka na kai ta Gusau, wurin wani mai gyara da ke bayan kasuwa. Shi ya yi mini bayanin da ya kamata in nema tun kafin in sayar da babur. Ya ce a cikin irin wannan kyamara akwai wani ɗan ƙyaure da ke buɗewa ya rufe duk lokacin da aka danna. Kowace dannawa tana cin ƙarfinsa, kuma kyamarar da kanta tana riƙe da adadin, kamar yadda babur ke nuna tafiyar da ya yi. Ya zare katin, ya sa a kwamfutarsa, ya duba wani tsohon hoto da na ɗauka, ya yi fito.

Ya ce, "Wa ya ce ya yi amfani da ita?"

Na ce, "Wani Bature. Tsuntsaye kawai yake ɗauka."

Ya ce, "To, ya ɗauki tsuntsayen duniya kaf, har da waɗanda ke cikin ƙwai. Malam, wannan ta yi aikin situdiyo har ta tsufa kafin ta zo hannunka." Ya nuna mini kan kusoshinta duk sun cinye, alamar an sha kwance ta. Ya ɗaga robar mariƙi ya nuna mini sabon gam a ƙarƙashi. Sheƙin da na gani a zaure mai aka shafa. Ya ce kuɗin canza ƙyauren ya kusa na wata kyamarar, kuma ko ina da shi, irinta an daina kawo kayanta. Na dawo da ita a jaka. Tana nan a ƙasan gadona, kin sha gani kina share ɗaki.

Na ji kin tambayi mamanki shekara nawa kyamarar hannu take yi. Ba wanda zai iya faɗa miki ta hanyar kallon jikinta. Abin da ya rage mata take yi. Na san wani a Ƙaura da ya sayi tasa bayan ni, tana aiki har yau, don mai ita na farko ajiye ta ya yi a ɗaki. Tawa ta fi tasa kyan gani, damina biyu ba ta cika ba. Ba shekarunta za ki tambaya ba, aikin da ta yi za ki bincika, kuma kada ki tambayi mai sayarwa. Mamanki ta ce Nasiru ya ce ta wani ɗan jami'a ce, bai cika amfani da ita ba. Tun da nake ban taɓa jin kyamarar hannun da mai ita ya yi aiki da ita ba. Dukansu na masu tsuntsaye ne.

Ranar ukun Inna Alhaji Mamman ya zo ta'aziyya Birnin Tsaba. Aka yi addu'a, aka shafa. Zai tashi ya dafa kafaɗata ya ce, "Ina abin hoton nan? Tana nan tana aiki?" Gawar uwata ba ta daɗe a ƙasa ba, babu takarda ɗaya a duniya mai ɗauke da fuskarta, ga kuma mutumin a gabana. Na sunkuyar da kai na ce, "Alhamdulillahi, Baba." Ya sani ko bai sani ba? Wata rana ina cewa shi ma sayar masa aka yi, me ya sani game da ƙyauren cikin kyamara. Wata rana kuma sai in tuna "ka riƙa barin ta tana shan iska." Ya rasu ban tambaye shi ba. Allah Ya jiƙansa. Na yafe masa da bakina, zuciyar ce har yanzu ba ta gama sa hannu ba. Idan kin shiga shagon Kawunki a Shinkafi, ki ɗaga kai sama da kanta. Babban hoton nan na mahaifinsa mai babbar riga da carbi, ni na ɗauke shi. Shi yana bango a cikin gilashi. Inna tana cikin kaina kawai, kuma kan nan ya fara zubar da abubuwa. Shekaranjiya na kasa tuna ko a dama ko a hagu tabon goshinta yake.

Ban ce Nasiru macuci ne ba. Mutumin kirki ne a iya sanina, yana sonki, watakila kyamarar tasa lafiyarta ƙalau. Ni kuma ban san na yanzu ba, an ce sun canza, wasu ma ba su da irin ƙyauren da na sani. Yana iya yiwuwa tsoro ne kawai na wanda ya taɓa ƙonewa. Amma na san abu ɗaya. Za ki shiga shagon nan ki durƙusa ki gaishe shi, zai turo miki ita a kan kanta ya ce, "Ko kina son ki gwada, ɗiyata?" Kuma na san amsar da za ki ba shi, don ni na haife ki.

Saboda haka yau da hantsi na yi abin da ban taɓa yi ba. Na kira shi a waya. Na ce idan ya amince ya ba mu kyamarar mako guda kafin a yi maganar kuɗi, mu kai ta Gusau a duba, mu gwada ta a gida. Sai ya ce, "Ashe ba a yarda da mu ba, Malam Lawali?" Na ce, "Da kai an yarda. Ƙarfen ne ba mu sani ba." Ya ce zai yi tunani, ya kashe. Tun lokacin mamanki ba ta ce mini komai ba, kwanon tuwona ma ƙanwarki aka aiko da shi. Ki bar wannan a kaina. Kunyar da ya kamata in ji a Jangeru ce ta zo a makare, kuma gara ni in ɗauke ta da ke.

Idan ya aiko da ita, kada ki yi mata shan iska. Ki matsa mata. Ki danna daga safe har yamma, a jere, ba hutu, ki kasa kunne ki ji ko ƙarar tana canzawa. Ki ɗauki farin bango da sararin sama, ki duba ko akwai ɗigo ko layi. Ki buɗe gidan batir ki shinshina, ki duba ko batirin ya kumbura, ki tambaya ko ana samun irinsa a kasuwa, don kyamara mai rai ma gawa ce idan babu batirinta. Ki haska idonta da tocila ki ga ko hunhuna ta yi saƙa a ciki. Kusoshi da robar mariƙi kuma kin ji labarinsu. Gusau ni zan raka ki, kuma ba wurin wanda Nasiru ya nuna za mu je ba.

Idan kuma ya ƙi, to ya ba mu amsa. Ki tafi Sakkwato hannu sake, ki koyi aikin da kyamarar uwar ɗakinki har idonki da kunnenki su buɗe, sannan ki sayi taki a hannun baƙo. Tumakin ki bar su. Ni zan riƙa ba su dusa da harawa, na ma fara koyon halin kowace. Naki ne, ba zan hana ki sayarwa ba idan kin dage. Roƙo kawai nake kada su fita gidan nan don abin da ba a gwada ba.

Akwai roƙo na ƙarshe, shi ne ba zan iya faɗa da baki ba ko za a yanka ni. Duk kyamarar da ta fara shigowa hannunki, wannan ko wata, a gidan nan za ki fara gwada ta. Ki kife turmi, ki zaunar da mamanki, ki zaunar da ni, ki danna har yatsanki ya gaji. Idan mutuwa za ta yi, ta mutu a kan fuskata, babu asara. Sannan ki ba ƙanwarki ta ɗauke ki ke ma. Duk tsofaffin Birnin Tsaba cewa suke kamar an tsaga kara ke da Inna, goshin da haɓar da yadda kike haɗe baki idan ranki ya ɓaci. Ni ban tabbatar ba, don ban taɓa iya tsayawa na kalle ki sosai ba. A takarda zan iya. Ki wanke mini guda, guda ɗaya. Ba zan rataya shi a bango ba, a akwati zan ajiye.

Allah Ya yi miki albarka, Ya sa ki fi ni ƙarfin baki a inda ya kamata, Ya tsare ki a hanyar Sakkwato da cikinta, Ya raba ki da sharrin masu tare hanya da sharrin masu daɗin baki. Allah Ya jiƙan Inna, Ya haskaka makwancinta. Ki gaishe da Goggonki idan kin isa, ki kira mamanki da zarar kin sauka daga mota.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Lawali